Saura Sha Shida

Mai Alli ba ya fita daga gida sai da guntun alli a bayan kunnensa na dama. Yakan manta hula, ya taɓa manta makulli sau biyu a mako ɗaya, amma allin nan kullum yana kwana a kan ɗan teburin gefen gado, kusa da tabarau, kuma shi ne abu na farko da hannunsa yake nema da safe. Shekara talatin da tara ya yi yana yankan takarda a maɗaba'a. Duk ɗaurin da ya fito daga ƙarƙashin wuƙar injinsa sai ya ja masa ɗan layi a gefe, alamar an yanka, an duba. Ɗaurin da ba shi da layi ba mai ɗaukarsa. Daga nan sunan ya bi shi, har ya kai ga idan aka kira shi da na gaskiya sai ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Ba shi da yawan magana. Dogo, wanda yake tuƙa babban injin bugu a gefensa, yakan ce maganar Baba ma sai ta bi ta ƙarƙashin wuƙa kafin ta fito, shi ya sa ba ta da gefe. Dogon kuwa ba dogo ba ne. Gajere ne mai tumbi, kuma bakinsa ya fi injinsa gudu.

Mai Alli shi ne auta a ɗakinsu. Uwarsu ta rasu yana ɗan shekara uku, yayarsa ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta dake shi, ta kai shi makaranta, daga baya kuma ta riƙo hannunsa har ƙofar maɗaba'ar ta ce wa mai wurin ga shi nan, ba ya sata, ba ya surutu, cin abinci ne dai sai haƙuri. Har ya yi furfura ba ta kira shi da wani suna ba sai Auta.

Da tsufa ya kama ta, ɗanta ya ɗauke ta ya kai ta gidansa, a hawa na huɗu na wani dogon bene da ba shi da lif. Ta hau da ƙafarta ranar da aka kai ta, daga nan ƙafar ta ce ta gama nata. Shi kuma Mai Alli, shekarun da ya yi yana taka fedar inji a kan siminti sun cinye masa gwiwar hagu. Ranar ƙarshe da ya gwada hawa, a hawa na farko ya zauna, sai da aka riƙo shi aka sauko da shi. Tun daga nan ziyararsu ta koma ta taga. Kowace Lahadi da hantsi yakan tsaya a bakin titi, gaban shagon mai gyaran agogo, ya ɗaga kai. Ita kuma ta zuro kwando da igiya. Ya saka lemo da sabulu, ta ja, ta sake zuro shi da safar da ta saƙa masa, ko da ba komai sai faɗa.

"Auta, ka rame ko hular ce ta yi girma?"

"Hular ce, Yaya."

"Ƙarya kake. Ka dai ci abinci."

Duk titin ya san hirarsu, domin ba a yin sirri daga hawa na huɗu. Haka suka yi shekara biyu. Sai wata Lahadi ta leƙo, ta daɗe tana dube-dube, ta gaida mai gyaran agogo da sunan Auta. Da Mai Alli ya yi gyaran murya ta gane, sai ta yi dariya ta ce yanzu hula kawai take gani, fuskar kuwa ta zama kamar tabon mai a jikin riga. Shi ma ya yi dariya. Da ya koma gida bai ci abincin rana ba.

Washegari ya je wurin likita. Likita ya murza gwiwar ya ce ba za ta koma sabuwa ba, amma ana lallashinta: ya riƙa hawan matakala kaɗan kullum, ranar da ba ta kumbura ba ya ƙara mataki ɗaya. Mai Alli ya san lissafin benen Yaya kamar tafin hannunsa. Kowane hawa mataki sha shida, hawa huɗu sittin da huɗu. A bayan maɗaba'ar kuwa akwai wata tsohuwar matakala da take kaiwa har rufin gini, ba mai bin ta tun da aka saka lif na kaya. Nan ya mayar wurin hutunsa na rana. Kowa ya tafi shan shayi, shi sai ya sulale. Inda ƙarfinsa ya ƙare sai ya ciro alli ya ja layi a bango, ya rubuta kwanan wata, ya huta, ya sauko. Ranar farko a mataki na tara ya ja layin. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa. Yana ganin mutum mai jikoki bai kamata a ji shi yana koyon hawan bene ba.

Yana kan mataki na ashirin da biyu aka kawo shirin kula da lafiyar ma'aikata. Wata yarinya ce mai fara'a aka ɗauka domin aikin, mai takalmin gudu da kwalbar ruwa a hannu ko da yaushe. Ta kafa farin allo a bakin ƙofar shiga, ta rubuta sunan kowa, ta raba wa kowa 'yar na'ura da ake maƙalawa a ƙugu tana ƙirga taku. Taku dubu goma a rana, in ji ta, kuma duk ƙarshen mako za a jera sunaye daga gwani zuwa na baya. Kafin la'asar sunan yarinyar ya zama 'Yar Allo, na'urar kuma ta zama 'yar tsegumi.

Ba laifin yarinyar ba ne. Abin da aka koya mata ke nan, kuma da zuciya ɗaya ta zo. Sai dai a maɗaba'a kowa da irin tsayuwarsa. Masinja, wanda dama yawo ne aikinsa, shi ya riƙe saman allo bai ƙara ko taku ɗaya a kan abin da ya saba ba. Mai yankan takarda kuwa a wuri ɗaya yake wuni, kuma 'yar tsegumi ba ta san bambancin takun tafiya shago da matakin da aka hau da gumi da cije baki ba. Ashirin da biyu ne a wurinta. Mako uku a jere sunan Mai Alli yana can ƙasa, kusa da inda ake ajiye ƙyallen goge allo.

Shi bai damu ba. Dogo ne abin ya tsaya wa a rai.

"Baba, wannan abin kunya ne ga sashenmu. Ko akawu da yake kwana a kujera ya fi ka."

"Allah ya ƙara masa lafiya."

"Kawo 'yar tsegumin nan in duba maka, ina jin batir ne."

Ya miƙa masa, ya ci gaba da yanka. Dogo ya zagaya bayan injin ninke takarda, wanda yake da wani hannu mai kai da komowa tun safe har yamma, ya ɗaure ta a jikin hannun da roba. Sauran ma'aikata sun gani, kowa ya kawar da kai. Suna son tsohon, kuma a ganinsu ba ƙaramin alheri suka yi masa ba.

A ƙarshen makon, Mai Alli ya shigo ya tarar da sunansa a sama, da jan alƙalami, taku dubu saba'in da ɗaya a rana guda. Masinja ya tsaya gaban allo ya daɗe, ya kalli ƙafafunsa, ya kalli tsohon da yake ɗingishi, ya ce duniya ba gaskiya. Aka tafa wa Mai Alli, aka ba shi sabon takalmin gudu mai launin ruwan lemo. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya dubi Dogo sau ɗaya. Dogo ya shiga goge wani wuri a jikin injinsa da ba shi da datti.

'Yar Allo ta tafa tare da kowa, amma hankalinta bai kwanta ba. Lokacin hutu ta neme shi ta ji yadda aka yi, ba ta gan shi wurin shayi ba. Ta bi ƙofar baya da ta gani a buɗe, ta hau, sai ga shi zaune a mataki na talatin da ɗaya, riga ta jiƙe, yana haki, ya riƙe gwiwa da hannu biyu. Nan take ta haɗa lissafinta, kuma lissafin ya fita daidai, sai dai ba na wannan tambayar ba ne.

"Baba, saboda allona kake wannan? Za ka kashe kanka a kan takalmi?"

"A'a, 'yar nan, ai…"

"Kada ka ce komai. Laifina ne."

Da ma shi ba mai cewa komai ba ne, ga kuma numfashi bai dawo ba. Ta riƙo shi ta sauko da shi a hankali kamar ƙwai. Washegari ya tarar da kwaɗo a ƙofar matakala, da takarda mai cewa an rufe domin lafiyar ma'aikata. Aka ba shi makullin lif nasa na kansa, aka kawo masa kujera mai laushi gaban inji, aka cire sunansa daga gasa cikin girmamawa. Garin gyaran gira dai an taɓa ido. Takardar da aka manna a ƙofar ma shi ya yanke ta da hannunsa ranar, bai san ta mece ce ba.

Kwana tara yana shan shayi tare da kowa. Gwiwar ta ji daɗin hutu ta fara sandarewa. Ranar Lahadi Yaya ta zuro kwando ya sauka nesa da shi, wajen kwata, ta ce iska ce. Babu iska ranar.

Inna mai shara ce ta warware abin. Ita kaɗai ban da shi take bin matakalar nan, sau ɗaya a mako, da bokiti. Da farko mita take yi a kan layukan, tana cewa sai ta goge su. Da ta lura kullum sama suke yi, sai ta koma zagaye su da tsumma. Ta je ta sami 'Yar Allo ta ce a ba ta makulli za ta yi shara, kuma a zo a riƙe mata bokiti, bayanta yana ciwo. Da suka kai mataki na tara ta ajiye tsintsiya.

"'Yata, ke mai karatu ce, karanta min wannan."

'Yar Allo ta karanta kwanan watan. Ta hau, ta karanta na gaba, da na gaba. Wani wurin layi uku a mataki ɗaya, kwana uku bai motsa ba. Wani wurin ya koma baya da biyu. Na farkon ya girmi zuwanta maɗaba'ar da wata biyu.

"Allonsa ya riga naki," in ji Inna. "Ni dai shara na zo yi."

Yarinyar ta same shi yana daidaita takarda a bakin wuƙa. Ta jira har ya yanka, ya ja layi.

"Baba, ina za ka?"

Ya daɗe yana juya allin a hannu. "Sittin da huɗu," ya ce. Da ya ga ba ta tafi ba, kuma ba ta ciro alƙalami ba, sai ya ƙara mata kaɗan: akwai wata tsohuwa a hawa na huɗu da ta goya shi, yanzu hularsa kawai take gani, kuma ba ya son hular ma ta ɓace kafin ya iso.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ba ki tambaya ba, 'yar nan. Kin dai ba ni takalmi."

Ta cire kwaɗon da hannunta. Ta goge allon gaba ɗaya, ta bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana yi musu tambayar da ta yi wa tsohon. Manaja ya ce to yanzu ta yaya za a san wanda ya ci? Ta ce ba za a sani ba. Ya ce wannan wace irin gasa ce, amma da ta tambaye shi nasa burin, ya rufe ƙofa ya ce yana son ya daina cin abinci a tsaye. Abin da ya fito a sabon allon ya ba mutane dariya kwana biyu, daga nan suka daina dariya suka koma leƙe. Inna tana son ta ɗaga hannun dama har ta taje kanta da kanta. Akawu yana son ya kai wata guda ba sigari. Masinja, gwanin taku, ya ce shi a bar shi ya zauna minti ashirin da rana ƙafarsa a sama. Dogo ya yi ta zille-zille, daga baya ya amsa cewa rabonsa da ɗaure igiyar takalmi ba tare da ya nemi kujera ba tun kafin a haifi 'yarsa ta biyu. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. A gaban sunan Mai Alli lamba ce kawai, 64, domin ya ce kada a rubuta bayani.

Bayanin kuwa bai kwana ba. Dogo ya matsa wa Inna, Inna ta ce ba ta sani ba, ya matsa wa mai gyaran agogo. Wata Asabar ya tafi benen da kansa, wai zai tabbatar ko da gaske sittin da huɗu ne, kada a cuci Baba. Ya kai sama yana numfashi kamar tsohon injinsa, kuma tunda ya zo ƙofa ai sai a gaisa. Aka ba shi ruwa. Bakinsa ya yi sauran.

Yaya ta saurara har ƙarshe. "Mataki nawa ya kai?"

"Talatin da huɗu, Mama. Ya ɗan koma baya, an rufe masa ƙofa."

"A wata nawa?"

"Huɗu."

"Tun yana yaro haka yake. Sai da ya shekara biyu ya yi tafiya." Ta juya fuskarta wajen taga. "Ka riƙa zuwa kana gaya min lamba. Kuma in ka faɗa masa ka zo nan, zan sa a jefo ka ta inda kwando yake bi."

A tarihin maɗaba'ar wannan ne sirri na farko da Dogo ya riƙe, kuma an ce har rama ya yi.

Mai Alli ya ci gaba da hawansa. Yanzu idan ya fito daga ƙofar baya ba mai tambayarsa, sai dai 'Yar Allo ta ɗaga gira, shi kuma ya nuna mata yatsa ɗaya, ko ya girgiza kai. Abin da ya dame shi daban ne. Lahadi uku a jere matar ɗan Yaya ce take zuro kwando, ta ce Mama tana hutawa, ta gaji. Me take yi da zai gajiyar da ita? Ya kasa tambaya daga titi.

Ranar da ya ja layi a arba'in da takwas, Dogo ya zo yana sosa ƙeya.

"Baba, matakalar nan tamu ba irin ta can ba ce. Ta can ta fi tsayi da kaɗan, haka na ji ana faɗa. Ka je ka gwada ta gaske, ko zuwa hawa na uku, ka ji yadda take."

"Wa ya faɗa?"

"Mutane."

Ran Lahadi ya saka takalmin nan mai ruwan lemo, karo na farko, ya wuce shagon mai gyaran agogo bai ɗaga kai ba. Ya huta a hawa na farko, ya daɗe a na biyu. Daga nan ya riƙa ƙirgawa a fili, hannu a ƙarfen gefe. Arba'in da shida, arba'in da bakwai. Ya ɗago kai domin ya nemi inda zai jingina, sai ya ga kujeru biyu a sararin hawa na uku, maƙwabta sun fito da su. Ɗaya ba kowa.

"Ka makara," in ji Yaya. "Tun hantsi nake nan."

Ya dubi matakalar da ta yi sama a bayanta. A jikin ƙarfen gefe an ɗaura 'yan ƙyallaye, ɗaya a kowane mataki, tun daga sama har ƙasa, sha shida. Ita ba ta ganin alli, da hannu take karanta nata.

Ya zauna. Ta jawo kujerarta har gwiwarsu ta haɗu, ta cire masa hula, ta kawo fuskarta dab da tasa, ta daɗe tana kallo. Ta shafa goshinsa, ta taɓa allin bayan kunne.

"Auta, ka tsufa."

"Ke ma, Yaya."

"Ni na riga ka, ina da hujja. Wannan takalmin fa? Shi na fara gani tun kana ƙasa, na zaci gobara ce."

Sun yi awa biyu a wurin. Komawarta sama ta ɗauki rabin awa, matar ɗanta a gefe ɗaya, ƙarfe a ɗaya gefen, tana hawa tana yi wa wanda ya gina benen addu'ar da ba a maimaitawa. Daga ranar sararin hawa na uku ya zama ɗakin baƙinsu. Maƙwabta suka daina shigar da kujerun. Sun samu Lahadi da yawa, sun fi abin da likitan ido ya yi zato, ko da yake a na ƙarshe-ƙarshen da hannu take dubansa. Kullum sai ta ce masa rago, saura sha shida, yaushe zai zo ya ga ɗakinta? Kullum sai ya ce mako mai zuwa. A maɗaba'a kuwa yakan hau har arba'in da takwas ya tsaya, ko ranar da gwiwar take da sauran magana. Inna ta ce ta gane dalili: ranar da ya kai sama, tsohuwa ba ta da abin da zai sa ta sauko.

Shekara biyu bayan haka Yaya ta rasu, aka shigar da kujerun.

Da lokacin ajiye aikinsa ya yi, allon ya canza sau da yawa. Inna tana taje kanta, akawu ya koma sigari ya sake bari, Dogo yana ɗaure takalmi a tsaye idan akwai bango kusa. 'Yar Allo ta zo da ƙyalle a hannu ta tsaya gaban sunansa, inda aka rubuta 48 a gefen 64.

"Baba, in goge ko in bari?"

Ya duba lambar kamar yadda yake duba gefen takarda. "Bar shi, 'yar nan. Zan leƙo in ƙarasa."

Ya yi sallama da kowa, ya bar wa Dogo kujera mai laushi. Da Inna ta hau shara a makon, ta tarar da guntun alli an ajiye a kan mataki na arba'in da tara, a lungu, inda ƙafa ba za ta taka ba. Har yanzu zagaye shi take yi da tsumma.